Firejon Ko Ƙwan Zomo: Wanne Za Mu Bar Wa Ƙannenmu?

Daga wata ɗalibar aji uku, Sashen Hausa

Gabatarwa

 Tun kafin in yi nisa ina roƙon afuwa idan aka ci karo da tuntuɓen alƙalami, domin ni Bayarabiya ce haifaffiyar Legas, kuma Hausar da nake ji a bakin maƙwabta na tsince ta a unguwar Agege tun ina ƙarama, kafin Allah ya kawo ni jami'a in zauna in karance ta a aji. Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne yadda ake gudanar da hutun Ista a cikin gidajenmu, wato irin girkin da ake yi, da 'yan saƙe-saƙen hannu, da kuma wasannin yara. Na san da yawa daga cikin abokan karatuna Musulmi ne, wasu kuma za su ce ina ruwan ɗalibin harshe da tukunyar wake. Ina fatan kafin mu kai ƙarshe za a ga cewa maganar ta shafe mu duka, domin abin da ya sami firejon a Legas yana iya samun dubulan da alkaki ranar sallah a Kano.

Abin da ya faru a gidan kakata

Kakata ta wajen uwa tana zaune a tsibirin Legas, kusa da dandalin Campos, a unguwar da ake kira Popo Aguda. Al'adar gidanmu ce duk ranar Alhamis ta kafin Ista 'ya'ya da jikoki su taru a wurinta su kwana, saboda a daren ne ake ɗora tukunyar firejon, abincin da muke ci ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu, wadda ba a cin nama a cikinta. A shekarar 2025 wannan Alhamis ta faɗo ranar 17 ga watan Afrilu. Yayata ta iso da yamma tare da 'yarta mai shekara shida, yarinyar tana riƙe da ɗan kwandon roba cike da ƙwai na roba masu launi iri-iri, ga kuma kunnuwan zomo na kwali a kanta. Makarantarsu ce ta shirya musu wasan neman ƙwai kafin a ba da hutu, kuma sai da iyaye suka biya kuɗi aka ba kowane yaro nasa kwandon.

Da aka shimfiɗa tabarma aka zube wake a faifai, sai kaka ta kira ta ta zo ta taya mu tsincewa. Yarinyar ta ce ita ba za ta ɓata hannunta ba, domin malamarsu ta ce zomo ne ke kawo abincin Ista. Washegari kuma da aka zuba mata firejon, ta leƙa kwanon ta ture shi, ta ce wannan ai laka ce. Kowa ya fashe da dariya, har da ni, amma ban da kaka. Can da aka watse ina wanke kwanuka, sai ta dafa ƙofa ta ce mini da Yarabanci, “Jikata, ran da na tafi, wa zai hura wannan wutar?” Na buɗe baki zan ce ni ce, sai na tuna cewa ni ɗin ma, da shekaruna 23, ban taɓa dafa firejon daga farko har ƙarshe ni kaɗai ba. Iyakata tsince wake da ɗanɗano.

Daga ina zomon ya fito?

Ɗalibin fassara ya san wahalar da ake sha idan aka zo kan sunayen lokutan shekara na Turawa. Lokacin da ke biyo bayan hunturunsu, wanda ƙanƙara ke narkewa itatuwa su yi tofo, mukan fassara shi da bazara don babu yadda za mu yi. Amma bazara a ƙasar Hausa lokaci ne na tsananin zafi da jiran ruwan sama, a Legas kuwa lokacin ne ruwan farko ke soma sauka. A yawancin coci-cocin ƙasar nan, Ista tana faɗowa ne ranar Lahadin farko bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, saboda haka ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Wannan ya yi daidai da lokacin da Bature ke murnar fita daga sanyi, shi ya sa ya cika bikin da furanni da 'yan tsaki da zomaye.

Shi ƙwai yana da dalilinsa. A Turai ta dā, ana hana cin ƙwai a lokacin azumin kwana 40 na kafin Ista, kaji kuma ba su daina yin ƙwai ba, sai a riƙa dafawa ana ajiyewa, ranar biki a rina a raba wa yara. Zomon kuwa al'adar Jamusawa ce. Wani likita mai suna Georg Franck von Franckenau ya yi rubutu a kanta a 1682, kuma Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa jihar Pennsylvania a ƙarni na 18 su ne suka kai ta Amurka. Daga baya 'yan kasuwa suka shigo ciki, kamfanin Fry na Ingila ya fitar da ƙwan cakulan a 1873, Cadbury ya biyo baya a 1875. Abin dariyar shi ne fiye da rabin kokon da ake yin cakulan da shi a duniya daga Kwaddebuwa da Gana yake fitowa, mu ma manoman jihar Ondo suna ba da nasu kason. Ke nan kayanmu ne ke tafiya a buhu, ya dawo mana da siffar ƙwai a cikin takarda mai ƙyalli, mu saya da tsada.

Ba na zargin Bajamushe da komai. Yaronsa ya ga ƙanƙara, ya ga narkewarta, kakarsa ta dafa masa ƙwai ta ba shi ya rina da hannunsa. Al'adar ta zauna daidai a inda aka haife ta. 'Yar yayata kuwa ba ta taɓa ganin ƙanƙara tana zuba ba, ba ta rina ko ƙwai ɗaya ba, kwando aka miƙa mata a shirye.

Shi kuma firejon fa?

A nan ne wani zai tare ni ya ce, to ai shi ma firejon ɗin baƙo ne. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Sunansa ma daga kalmar Fotugis ta wake ya samo asali, wato feijão. Waɗanda suka kawo shi su ne bayin da aka kwasa daga wannan yanki aka kai Barazil, daga baya su ko 'ya'yansu suka dawo gida a ƙarni na 19, aka riƙa kiran su Aguda. Wannan tarihi ya shafi Hausawa kai tsaye. A jihar Bahiya ta Barazil akwai bayi Hausawa masu yawa, kuma su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807. A watan Janairun 1835, cikin watan azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tayar da babban bore a birnin Salvador. Bayan an murƙushe shi hukuma ta kori wasu, wasu kuma suka gaji da tsangwama suka biya kuɗin jirgi da kansu. Haka aka yi ta dawowa har bayan da Barazil ta soke bauta a 1888. Cikin waɗanda suka sauka Legas akwai Kiristoci akwai Musulmi, kuma magini ɗan Aguda ne ya jagoranci aikin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Bambancin da ke tsakanin baƙin nan biyu shi ne, firejon ya shigo ne ta madafa, ya bi ta hannun mutane har ya zama ɗan gida. A duba abin da ke cikin tukunyar. Waken baƙi ne, wanda Yarabawa ke kira ewa ibeji, kuma mu a gidanmu wurin wani dattijo Bahaushe muke saye a kasuwar Mile 12. Kwakwar daga Badagiri ake kawo ta. Kanumfari daga teburin mai kayan yaji, garin kwakin da ake barbaɗawa a kai na Ijebu ne mai ɗan tsami, kifin miyar kuma daga hannun matan bakin ruwa. Yadda kaka ke yi, gwangwani uku na wake kwakwa biyu manya suke ci. Ana tsince waken a wanke, a ɗora a kan wutar itace ya kwana yana dahuwa har sai ya yi luguf. Da asuba a fasa kwakwa a gurza ta a magurji, a zuba ruwan ɗumi a matse madararta. Sai a dame waken a tace shi a rariya don a fitar da ɓawon, a mayar kan wuta, a zuba madarar kwakwa da sukari da ɗan gishiri da kanumfari, a yi ta juyawa da muciya ba tare da an rufe tukunyar ba, har ya yi kauri kamar kunu mai nauyi. Babu wani mataki a cikin waɗannan da ba a iya ba yaro wani abu ya yi.

Haka ma saƙar ganye. Ranar Lahadin da ke gaban Ista da mako ɗaya, ana zuwa coci da ɗanyen ganyen kwakwar manja. Muna yara kawunmu yakan zaunar da mu ya tsaga ganyen siri-siri, ya nuna mana yadda ake lanƙwasa shi a zura ta cikin juna har ya zama gicciye, ba zare ba allura. Da abin da ya rage muke saƙa zobe da agogon hannu da 'yar tabarma, kamar dai yadda yaran Hausawa ke wasa da kaba da kara. Gicciyen a bayan ƙofa yake shekara, idan azumi ya zagayo a mayar da shi coci a ƙona, da tokarsa ake shafa wa mutane a goshi ranar Larabar farkon azumi. Yanzu kuwa a ƙofar coci ake sayar da shi saƙaƙƙe, kuma cikin jikokin kaka 11 mu biyu ne kawai muka iya saƙawa.

Ranar Litinin kuma ita ce ta yara baki ɗaya. Yarabawa Kiristoci kan ce za su tafi Galili, wato a ɗauki abinci a kwanuka a fita fili ko bakin teku a yini ana wasa. A unguwar kaka ranar ce ta wasan Fanti, wanda shi ma Aguda ne suka zo da shi, kuma a dā a gida ake ɗinka kayan wasan, yara na manna ƙyalle da ɗuwatsu. Bakin tekun Bar Beach da iyayenmu ke kai mu an cike shi da yashi, a nan ake gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yawancin yaran da na sani Galilinsu ta koma babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, inda ake biyan kuɗi a ɗauki hoto da mutumin da ya sa rigar zomo.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Wata rana a darasin nazarin kalmomi malaminmu ya ce kowa ya jero aikatau na girki da ya sani a Hausa. Na rubuta tsince, surfa, jiƙa, niƙa, daka, kirɓa, tankaɗe, tace, gurza, dama, tuƙa, talga, turara, sulala, har takardata ta kusa cika. Sai ya ce waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su, su kawo takwarorin waɗannan kalmomi a harshensu. A nan na ji kunya, domin ko rabi ban iya kawowa da Yarabanci ba. Dalilin kuwa a fili yake. Mahaifiyata ma'aikaciya ce, tun asuba take fita, kuma yawancin abin da muke ci a shirye ake sayo shi. Yinina a gidan maƙwabciyarmu Hajiya nake yi, ita kuwa ba ta yarda yaro ya zauna haka nan ba. “'Yata, zo ki tankaɗe mini garin nan,” shi ne abin da na fi ji a bakinta. Ban koyi kalmar tankaɗe a ƙamus ba, da rariya a hannuna na koye ta.

Wannan ya nuna mini cewa kalmar aiki tana rayuwa ne muddin ana yin aikin. Ran da aka daina surfe a gida, kalmar surfa za ta koma cikin ƙamus ta kwanta, kuma na ga alamar haka, domin a ajinmu akwai waɗanda aka haifa cikin Hausa amma suka yi ta gardama a kan bambancin sheƙa da bakace. Ba kalmomi kaɗai ke bin tukunya ba. A daren da wake ke kan wuta ne kaka ke ba mu labarin kakanta da ya dawo daga Bahiya, da tatsuniyoyin kunkuru, da karin maganar da ba a jin su a makaranta. Zaman jiran dahuwar wake shi ne ajin. Idan aka sayo firejon a roba daga mai sayarwa ta intanet, kamar yadda yayata ta ba da shawarar a riƙa yi, an sami abinci amma an rufe ajin.

Akwai kuma zumunci. A shekarar 2023 Juma'ar firejon ta faɗo ranar 7 ga Afrilu, a tsakiyar watan Ramadan. Ni aka aika da kwano daga tsibiri har Agege, Hajiya ta yi buɗa-baki da shi, kamar yadda ita ma ba ta taɓa yin sallah ba ta aiko mana da tuwo da miyar taushe da naman layya ba. Yaron da aka ɗora wa kwano ya kai gidan maƙwabci mai wani addini, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koyi darasin zaman tare da babu littafin da zai koya masa. Ƙwan roba kuwa na mai kwando ne shi kaɗai, wasan ma gasa ce ta wanda zai fi tara wa kansa.

Uzurin iyaye

Adalci ne in faɗi abin da yayata ta ce da na tunkare ta da wannan magana. Ta ce, “Ke ɗaliba ce, ba ki san abin da ake ciki ba. Ina barin gida ƙarfe biyar na asuba, in dawo tara na dare saboda cunkoson motoci, sannan ki ce in kwana gaban murhu?” Ta ƙara da cewa wake da kwakwa da gas duk sun yi tsada, kuma duk wannan al'ada da ake yabo a kan wuyan mata take, maza suna zaune suna jiran a zuba musu. Ban iya musa ko ɗaya ba.

Amsata ita ce, ba wahalar nake karewa ba. Babu laifi a dafa waken a tukunya mai saurin dafuwa, a markaɗa shi a inji, awa biyu an gama. Kaka da kanta ta daina amfani da dutsen niƙa tun kafin a haife ni. Abin da nake cewa kada a fitar daga cikin aikin shi ne yaro. Batun tsada kuma, kuɗin da aka biya makaranta na kwandon roba da kunnuwan kwali ya isa a sayi gwangwani biyu na wake da kwakwa ɗaya, ganyen saƙa kuwa kyauta ne. Maganar mata gaskiya ce, maganinta shi ne a raba aikin. A gidan kaka fasa kwakwa da gurza ta da hura wuta aikin samari ne tun asali, sakaci ne ya sa aka bar su suna danna waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba na kuma cewa a ƙwace wa yarinya kwandonta. Ta ci cakulan ɗinta, ta yi wasanta. Amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan abin da ta sani game da Ista bai wuce abin da aka sayo mata ba, ran da babu kuɗi babu biki ke nan, kuma ran da ta girma ba ta da abin da za ta koya wa nata 'ya'yan sai hanyar kanti.

Shawarwari

Shawarata ta farko ga iyaye da yayye ce, a ba kowane yaro aiki gwargwadon shekarunsa a duk girkin biki, ko na Ista ko na sallah ko na Kirsimeti, kuma a kira aikin da sunansa a harshen gida. Ɗan shekara huɗu zai iya tsince tsakuwa a wake, ɗan shekara goma zai iya gurza kwakwa ko murza cincin.

Ta biyu ga makarantun firamare ce, musamman masu zaman kansu. Idan har za a ware rana don ayyukan hannu kafin hutu, me zai hana a gayyato wata tsohuwa daga cikin kakannin yaran ta koya musu saƙar ganye ko faifai? Ya fi arha, kuma yaro zai koma gida da abin da ya yi da hannunsa.

Ta uku gare mu ce, ɗaliban harshe. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Idan muka je hutu mu zauna da tsofaffinmu lokacin da suke aiki, mu ɗauki yadda suke bayani, mu rubuta kalmomin, mu kawo sashe a tara. Wannan ya isa ya zama kundin kammala digiri mai amfani, maimakon mu yi ta maimaita batutuwan da aka riga aka yi sau goma.

Kammalawa

A kusa da dandalin Tinubu akwai wani tsohon bene mai ginin Barazil da ake kira Ilojo Bar, wanda aka gina a 1855, gwamnati kuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A watan Satumban 2016 aka wayi gari an rushe shi, jaridu suka yi ta kuka. Gini aƙalla ana jin ƙarar faɗuwarsa. Girki da saƙa da tatsuniya kuwa shiru suke tafiya, shekara ɗaya a ce an gaji, shekara ta biyu a sayo, ta uku a manta.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan waccan Juma'a na koma kasuwa na sayo gwangwani ɗaya na wake da kwakwa, na ce wa kaka ta zauna a kujera ta riƙa faɗa mini kawai. Na farko ya kama ƙasan tukunya saboda na bar juyawa na tafi amsa waya. Da na sake, na ba 'yar yayata rariya na ce ta riƙe mini, daga nan ta ce ita ma za ta matse kwakwa. Da aka sauke ta ci cokali uku, ta ce har yanzu kamar laka yake, amma ita ce ta yi shi, don haka sai an ajiye wa babanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannunsu tun suna raye, amin.